Faifan Backatown na Trombone Shorty: Busa Mai Ƙarfi, Fili Kaɗan

A shekarar 2010 ne kamfanin Verve Forecast ya fitar da Backatown, faifan da ya ɗauko Troy Andrews daga unguwar Tremé ta birnin New Orleans a Amurka ya kai shi idon duniya yana ɗan shekara 24. Laƙabinsa na Trombone Shorty ya samo asali ne tun yana ƙaramin yaro, lokacin da yake bin 'yan badujalar unguwarsu ɗauke da ƙahon da ya fi shi tsawo. Turombon ƙaho ne na tagulla da ba shi da maɓallan dannawa. Wani dogon bututu mai busa yake ja yana turawa, shi ya sa sautinsa yake iya sulalewa daga sama zuwa ƙasa kamar muryar mutumin da ke cikin hira.

Faifan ya samu karɓuwa ƙwarai, domin ya hau saman jadawalin Billboard na jazz na zamani, kuma ya shiga takarar lambar Grammy a wannan rukuni, ko da yake ƙungiyar Stanley Clarke ce ta tafi da ita a 2011. Masu sharhi da dama sun yaba da yadda matashin ya cuɗa badujalar gargajiya ta garinsu da kiɗan funk da rock, yayin da masu kishin tsantsar jazz suka riƙa tambayar ko wannan kiɗa ya cancanci sunan. A ganina wannan muhawara ba ta taɓa ainihin matsalar faifan ba, tunda shi kansa mai busar bai ce tsantsar jazz yake yi ba, suna daban ma ya raɗa wa salonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin fili. Waƙoƙi 14 ne a ciki, galibinsu ba su wuce minti 3 zuwa 4 ba, kuma Ben Ellman, wanda ya tsara ɗaukar sautin, ya matse komai tsaf yadda zai dace da gidan rediyo. Idan aka saurari "Hurricane Season", wadda ta buɗe faifan, za a ji ƙahonni sun taso gaba ɗaya bisa ganga mai nauyi, jiki ya fara amsawa, amma daidai lokacin da mai sauraro yake jiran Andrews ya ware shi kaɗai ya nuna abin da ke ƙirjinsa, sai a ji an rufe. Haka abin yake a "Suburbia", inda jitar Pete Murano take gurnani, ƙahon kuma yake mayar mata da martani da kaifin da ba a saba ji daga turombon ba. Mutumin da aka san shi da dogon numfashi a dandali, har yakan riƙe sauti guda na tsawon lokaci yana shaƙar iska ta hanci kamar yadda masu algaita suke yi, bai kamata a ba shi ɗan wannan taƙi ba.

Waƙoƙin da aka rera da baki su ne suka fi rauni. Muryar Andrews tana da daɗi, sai dai ba ta kai busarsa ba, kuma zuwan mawaƙin rock Lenny Kravitz, wanda Andrews ya yi yawon wasa a ƙungiyarsa a 2005, bai ƙara wa "Something Beautiful" wani armashi ba. Wadda ta tsira ita ce "On Your Way Down" ta Allen Toussaint, tsohon mawaƙin New Orleans, domin dattijon da kansa ya zauna ya kaɗa fiyano, natsuwarsa kuma ta sa matasan Orleans Avenue, wato ƙungiyar Andrews, suka sassauta gudu har aka ji kowane hannu.

A matsayinsa na mai tsara kiɗa, ƙarfin Andrews yana wajen ƙirƙirar gajeren amshi da ke maƙalewa a kunne tun jin farko, ba wajen dogon gini mai hawa-hawa ba. Wanda yake neman turombon irin na gwanin jazz J.J. Johnson, mai zurfin lissafi da doguwar tafiya, zai tashi da ƙishirwa. Wanda kuwa yake son jin dalilin da ya sa tun 2013 aka damƙa wa wannan matashi rufe babban bikin jazz na New Orleans, gurbin da ƙungiyar mawaƙa 'yan gidan Neville suka daɗe suna riƙewa, sai ya fara da waƙoƙin da babu rera baki a cikinsu, ya kuma ƙure sautin.