Kwana goma da motar haya a Maroko: inda kamfanin ya kyauta da inda ya gaza

Tun da ni da uwargida muka dawo daga hutun kwana goma a Maroko a watan Oktoban bara, tambayoyin da abokan aiki da 'yan uwa suke yi mini a Samaru duk a kan motar da muka yi haya suke ƙarewa: nawa aka biya, wace takarda aka nema, kuma ko mutumin da ya saba da titin Zariya zuwa Kaduna zai iya tuƙi a can lafiya. Kamfanin da muka yi hulɗa da shi ƙarami ne, na 'yan ƙasar, ofishinsa ɗaki ɗaya ne kusa da filin jirgin sama na Muhammad na Biyar a Kasablanka, kuma irinsa suna da yawa a wurin, saboda haka abin da zan faɗa zai amfani duk wanda zai yi haya a hannun ƙananan kamfanonin nan.

Mun fara magana da su ta WhatsApp wata guda kafin tafiya, kuma a wannan mataki ba ni da abin ƙorafi, domin ba a taɓa yin awa biyu ba su amsa saƙo ba. Muka daidaita a kan Dacia Logan mai amfani da dizal, a kan dirhami 320 kowace rana, ba tare da an ƙayyade mana nisan da za mu yi ba. Motar mai giyar hannu ce, kamar akasarin motocin haya a ƙasar, kuma da na tambayi mai canja giya da kanta sai farashin ya kusa ninkawa. Ni dai da Fijo 504 ta mahaifina na koyi tuƙi a Tudun Wada, don haka kuloci bai ba ni tsoro ba, amma wanda bai taɓa taka shi ba ya sa wannan ƙarin kuɗin a lissafinsa tun daga gida.

Matsalar farko ta taso ne a ofis, bayan mun sauka a gajiye. Takardun da suka nema ba su da wahala, wato fasfo, da lasisin tuƙi na Najeriya, da lasisin ƙasa da ƙasa wanda na karɓa daga hukumar kiyaye haɗurra kafin mu taso. Sai ma'aikacin ya ce za su riƙe dirhami 8,000 a matsayin kuɗin ajiya, kuma a kan katin bashi na banki suke riƙewa. Katina na dala irin wanda ake cire abin da ke cikin asusu ne kawai, na'urarsu kuwa ta ƙi shi har sau uku. A duk saƙonnin da muka yi musaya na tsawon wata guda babu inda suka ambaci wannan sharaɗi, alhali sun san daga Najeriya muke zuwa, inda ba kowa ke da irin wancan katin ba. Bayan kusan minti arba'in ana kiran mai kamfanin a waya, aka yarda mu ajiye tsabar kuɗi, wanda ya cinye kaso mai tsoka na guzurinmu tun ba mu fita daga Kasablanka ba. Ina cikin ƙirga kuɗin Hajiya ta ce, "Malam, kada ka miƙa ko sisi sai an rubuta adadin a takarda an buga hatimi." Haka aka yi. Sannan ta zagaya motar da wayarta tana ɗaukar bidiyo, tun daga ƙwarzanen da ke jikin ƙofar baya har zuwa tayoyi da ma'aunin mai, yayin da ma'aikacin yake tsaye yana murmushi kamar wanda ya ga abin ya yi yawa.

Ita kanta motar ba ta da aibi. An wanke ta ciki da waje, birkinta yana ci, na'urar sanyaya iska tana aiki, kuma shan manta kaɗan ne ƙwarai, har muka yi tafiyar kusan kilomita 300 daga Kasablanka zuwa Fas ta Rabat ba tare da allurar mai ta kai rabi ba. Irin wannan mota a Maroko ake harhaɗa ta, shi ya sa ta cika tituna, kuma kowane bakanike a kowane ƙauye ya san cikinta. A hannun dama ake tuƙi kamar yadda muke yi tun 1972, saboda haka babu abin da zai rikita direban gida ta wannan fuska. Babbar hanyar ta biyan kuɗi ce, ana karɓar tikiti a mashiga a biya a mafita, iyakar gudu kilomita 120 a awa, kuma a wuraren hutawa akwai gidan mai da wurin cin abinci da masallaci mai wurin alwala har na mata. Wanda ya saba kauce wa ramuka da tireloli a wajen Kwangila zai ga kamar barci ne babban abin da ya kamata ya ji tsoro a wannan titi.

A Fas ne na gane kuskuren da na yi a tsarin tafiyar, kuma kamfanin da ya san ƙasarsa ya kamata ya ankarar da ni. Tsohon birnin ba ya shiguwa da mota ko kaɗan, lungunansa na masu tafiya a ƙasa ne da alfadarai, har kayanmu ma a amalanke aka tura su zuwa masauki. Kwana uku muka yi muna ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin a 1815, da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta assasa a 859, da majemar nan ta Shuwara inda na tsaya ina ba Hajiya labarin yadda fatun jajayen awakin ƙasar Sakkwato suke ratsa hamada a zamanin fatake har Turawa suka riƙa kiransu fatar Maroko. Duk waɗannan kwanaki motar tana ajiye a bakin ganuwa, ina biyan kuɗin haya, ina kuma biyan mai gadin wurin ajiya. Da jirgin ƙasa muka hau daga Kasablanka zuwa Fas, sannan muka ɗauki mota a ranar fita, da an rage asarar.

Amfanin motar ya bayyana ne a rana ta biyar, da muka nufi kudu. Tsakanin Fas da Marzuga akwai kusan kilomita 470, kuma a yini ɗaya mutum zai ratsa ƙasashe uku a cikin ƙasa ɗaya. Da hantsi muna Ifran, garin da ke kan tsauni mai gidaje masu rufi mai tsini saboda dusar ƙanƙara, inda sanyin ya fi na tsakiyar hunturun Zariya. Gaba kaɗan a dajin Azru birai suka tare hanya suna jiran gyaɗa. Bayan Midelt sai itatuwa suka ƙare, aka shiga duwatsu tsirara, har muka gangaro kwarin Ziz inda dabino ya yi layi a ƙasan kwazazzabo iya ganin ido, kuma lokacin girbinsa ne, ana sayar da shi a kwali a bakin titi. Babu motar safa da za ta tsaya wa mata da miji sau bakwai domin su sha shayi, ko su yi salla a natse, ko su ɗauki hoto, kuma wannan sakewar ita ce ainihin abin da muka saya da kuɗinmu.

A wannan hanya aka ci ni tara, kuma laifina ne. Jandarmomi suna tsayawa da na'urar auna gudu a mashigar kusan kowane gari, inda iyaka take sauka zuwa 60, ni kuwa na shiga da 74. Jami'in ya gaishe mu da ladabi, ya nuna mini lambar a na'urar, na biya dirhami 150, ya rubuta rasit ya ba ni, ba ciniki, ba neman na goro. Akwai kuma allon da ake ajiyewa kafin shingensu, wanda dole direba ya tsaya cak a gabansa har sai an yafito shi da hannu. Wani mai sayar da shayi ne ya koya mini wannan, alhali bayani ne da kamfanin zai iya yi wa baƙo cikin minti biyu.

Babban ƙorafina ya faru ne tsakanin Rashidiyya da Arfud, dab da la'asar, lokacin da tayar baya ta dama ta fashe. Na buɗe bayan mota na tarar da jak da sifana, amma safayar ba ta da iska sosai. Na kira lambar agajin da aka rubuta a takardar haya, wadda aka ce tana aiki dare da rana. Sau huɗu ba a ɗauka ba, a na biyar wani ya ɗauka yana magana da Faransanci da Larabcin gida na Maroko, wanda ya yi nisa da Larabcin da muka karanta a zaure. Na yi masa bayani da Larabcin littafi, ya fahimce ni, ni kuwa ban fahimci amsarsa ba, ya ce zai sake kira, kuma har muka bar ƙasar bai kira ba. Wani dattijo mai a-kori-kura ɗauke da dabino shi ne ya tsaya, ya taya ni ɗaura safayar, ya bi mu a hankali har wurin mai faci a Arfud, ya kuma ƙi karɓar ko dirhami ɗaya. Mai facin ya ce gefen tayar ne ya yage, ba ta facuwa, sai dai ya cika wa safayar iska muka ci gaba da ita. Bidiyon Hajiya ya ɗauki komai a motar nan ban da safayar, domin babu wanda ya tuna da ita a cikinmu.

A Marzuga mun bar motar a otal, tunda yarjejeniyar ta hana hawa yashi ko barin kwalta, muka shiga tuddan rairayi a kan raƙuma. Daga nan muka bi ta Tingir zuwa Warzazat, muka tsaya a Ait Bin Haddu, tsohon ƙauyen ginin ƙasa da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, wanda ya tuna mini da aikin shahararren maginin nan Babban Gwani a cikin birnin Zazzau. Sai mashigar Tishka, wadda ta kai tsayin mita 2,260, kuma ita ce jarrabawar gaske ga mota da direba. Tsakanin Warzazat da Marakish kusan kilomita 200 ne kacal, amma sai da muka yi fiye da awa huɗu saboda kwane-kwane da manyan motoci. Logan ɗin ta hau da giya ta biyu da ta uku ba tare da injin ya yi zafi ba, a gangara kuma na bar giya ta riƙe ta don kada birki ya ƙone. Hajiya, wadda ita ce mai duba taswira tun daga Kasablanka, ta ajiye wayar ta koma jan carbi, ta ce duk wanda yake kiran Kufena dutse bai zo nan ba. A Marakish kuwa babura da keken doki sun sa na ajiye motar tun daren farko, ban sake taɓa ta ba sai ranar komawa.

Ranar mayar da mota na shiga ofishin da shirin rigima. Ma'aikacin ya duba jikin motar, ya nuna ƙwarzanen ƙofar baya, Hajiya ta buɗe masa bidiyo, maganar ta mutu nan take. A kan taya kuwa ya fito da takardar da na sa wa hannu, ya nuna mini wani layi da Faransanci cikin ƙananan haruffa, wanda ya ce inshorar ba ta shafi taya da gilashi da ƙarƙashin mota ba. Ba zan ce sun cuce ni ba, tunda a rubuce yake, amma mutumin da ya ga baƙonsa ba ya jin Faransanci, ya kuma bar shi ya sa hannu ba tare da ya fassara masa wannan layin ba, bai sauke haƙƙin baƙunta ba. Suka cire dirhami 600 na sabuwar taya. Da na kawo maganar safaya mara iska da lambar agajin da ba ta agaza ba, mai kamfanin da kansa ya ba da haƙuri a waya, ya ce a yafe mana kuɗin rabin yinin da muka ƙara. Sauran dirhami 7,400 aka ƙirgo mana a hannu nan take, babu jeka-ka-dawo, kuma direbansu ya kai mu bakin ƙofar filin jirgi kyauta.

Wani maƙwabcinmu a Hayin Dogo yana shirin irin wannan tafiya da iyalinsa bayan babbar salla, kuma na ba shi lambar kamfanin, domin motarsu lafiyayya ce, farashinsu bai yi tsada ba, kuma ba su riƙe mana kuɗi ba. Sai dai na sa shi ya nemi su aiko masa da takardar yarjejeniyar tun yanzu, ya kai wa wani malamin Faransanci ya karanta masa layi-layi, ya tambayi irin katin da suke karɓa, ya tambaye su ko zai iya fara hayar daga Fas, kuma kafin ya tayar da injin ya ciro safayar ya danna ta da hannunsa.