Manhajar Omnibus a sakandaren gida: mai kyau ce, amma sai da abokin muhawara

Iyaye Kiristoci da ke karantar da yaransu a gida a nan Amurka sukan tambaye ni wace manhaja muka bi da 'yarmu ta kai aji 9. Omnibus ce, ta kamfanin Veritas Press da ke Lancaster a jihar Pennsylvania. Na gamsu da ita ƙwarai, sai dai ba kowane gida zan ce ya ɗauka ba.

Tsarin karatun gargajiyar Turawa da take bi ya tsaya kan abu uku: nahawu, manɗiƙi da balaga. Duk wanda ya san karatun zaure a Zariya ko Kano ya san waɗannan sunaye. Dorothy Sayers, marubuciya 'yar Ingila, ce ta farfaɗo da zancen a wata lacca da ta yi a Oxford a 1947, makarantun Kirista na Amurka kuma suka ɗauka daga baya. A shekarun sakandare, abin da ake so shi ne yaro ya iya kafa hujja, ya kare ta da baki da alƙalami.

Omnibus kundi shida ce, daga aji 7 zuwa 12. Ukun farko suna bi ta zamanin da, tsakiyar zamani da zamanin yanzu, ukun ƙarshe su sake zagayowa da littattafai masu nauyi. Tarihi, adabi da tauhidi duk a tukunya ɗaya ake dafa su. Ba taƙaitawa ake ba yaro ba, ainihin littafin ake miƙa masa: Homa mawaƙin Girka, Afalatun masanin falsafa, Agustin malamin Kirista na da, tare da littattafan Littafi Mai Tsarki.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda aka gina darasi. Akan fara da tambaya guda, a duba abin da marubucin ya ce, a duba abin da mutanen zamaninmu ke cewa, sannan a buɗe Nassi a auna duka biyun. A ƙarshe yaro ya rubuta matsayinsa. Lokacin da 'yata ke karanta littafin Agustin a kan Birnin Allah, wanda ya fara rubutawa bayan an washe birnin Rum a shekara ta 410, ta same ni ina yanka albasa, littafin cike da zanen fensir, ta ce, "Mama, idan ƙasar da Kirista yake ƙauna ta rushe, me ya rage masa?" Na kashe murhu muka zauna. Mun yi maganar Rum, mun gangaro har kan 'yan'uwanmu da ke gida. Ta yi mamakin jin cewa Agustin ɗan Afirka ne, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau.

To a nan ne sharaɗin yake. Wannan karatu ba ya yiwuwa idan an bar yaro shi kaɗai da tulin littattafai. Dole wani babba ya karanta, ko da rabi ne, ya zauna ya ja da shi. Kamfanin ya ba da hanya uku: uwa ko uba su koyar da kansu, ko darasin bidiyo, ko aji kai tsaye ta intanet da malami. Ni da maigidana mun raba aikin, shi tarihi, ni tauhidi, daga baya muka sa ta ajin intanet saboda ta samu tsararrakin da za su musa mata. Kuɗinsa ya fi yawa, amma rubutunta ya canza sosai. Kafin wannan mun gwada wata manhaja mai cike gurbi da zaɓen amsa. Yarinyar tana cin maki, amma ba ta iya gaya maka dalilin komai.

A sani cewa marubutan manhajar suna kan koyarwar John Kalbin ne, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, ba su kuma ɓoye ba. Mu da muka tashi a ECWA mun sami wuraren da fahimtarmu ta bambanta, kuma hakan ya sa muka koma ga Nassi tare da ita. Lissafi, kimiyya da Latin daban ake nemansu. Tarihin Afirka ta Yamma kuwa mu muka ƙara da kanmu, domin manhajar ta Yammacin duniya ce.

Wanda ya fi son Latin ya zama ginshiƙi, ya duba manhajar Memoria Press ta jihar Kentucky. Wanda ke son haɗuwa da wasu iyalai sau ɗaya a mako, akwai shirin Classical Conversations. A Pennsylvania doka ta ce a ajiye fayil na aikin yaro, mai tantancewa ya duba shi kowace shekara, don haka ku adana duk rubutun da ya yi tun daga makon farko. Namu ya cika fayil har ya yi yawa, mai tantancewar kuma ta fi daɗewa a kan rubutun Agustin ɗin.