Na sayi kwafin rigar MTN-Qhubeka ta 2015, ga yadda na same ta

Sati uku kenan ina sa rigar nan duk safiyar Asabar da Lahadi in zan fita da keke, don haka yanzu zan iya magana a kanta. Tun farko in faɗa muku, ba ta asali ba ce, kwafi ce na yi oda a wajen wani mai sayarwa a intanet, don ƙungiyar tseren keken ma ta rushe tun ƙarshen 2021, ta asalin sai dai in mutum ya yi sa'a a gwanjo. Ita ce mai ratsin baƙi da fari a tsaye ɗin nan, da tambarin MTN a ƙirji, in ka hango daga nesa sai ka rantse ta Juventus ce.

Ranar farko da na sa, na tsaya wajen mai shayi sai wani dattijo ya matso yana miƙo min waya, wai "ɗana, don Allah duba min layina, an rufe." Na ce Baba ni ba ma'aikacinsu ba ne, rigar 'yan tseren keke ce, ya kalle ni sama da ƙasa kamar ina raina masa hankali.

To me ya kai ni sayen rigar ƙungiyar da babu ita? Wallahi saboda Yulin 2015 ne. A shekarar aka gayyace su Tour de France, babban tseren keke na Faransa da ake yi zango-zango, ƙungiya ce ta Afirka ta Kudu da Douglas Ryder ya kafa, kuma cikin 'yan kwanaki Daniel Teklehaimanot, wani dogon ɗan Eritiriya, ya karɓe rigar ɗigo-ɗigon ja ta gwanin hawan tsauni, baƙar fata na farko daga Afirka da ya taɓa sa ta, ya riƙe ta kwana huɗu. Sai kuma ranar 18 ga wata, ranar haihuwar Mandela, Pinot da Bardet 'yan Faransa biyu suna ta kallon-kallo a hawan Mende kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, kawai sai ga Steve Cummings na MTN-Qhubeka daga baya ya wuce su fuu ya cinye zangon, kura ta ci kura kenan, har yau in na ga bidiyon sai tsigar jikina ta tashi. Kafin nan ma a 2013 Gerald Ciolek ya ci musu Milan-San Remo, tseren kwana ɗaya na Italiya, ranar da dusar ƙanƙara ta sa aka kwashe 'yan tseren a bas aka yanke wani ɓangare na hanyar, ya doke manyan gwanaye Sagan da Cancellara.

Kuma sunan Qhubeka na wata gidauniya ce mai raba wa yara kekuna don zuwa makaranta, ma'anarsa ci gaba a Zulu.

Mu dawo kan rigar. Yadin ba laifi, ba shi da nauyi, yana shan zufa ya bushe da wuri, na yi tafiyar awa biyu a rana bai manne min a jiki ba. Aljihu uku ne a baya, waya da dabino da makulli duk sun shiga, amma in ka sa abu mai nauyi sai aljihun ya riƙa rinjaya ƙasa don robar bakinsa ba ta da ƙarfi. Zik ɗin ne ya ba ni haushi, wanki na biyu ya fara cijewa a tsakiya, sai da tela ya canza min. Saiz kuma ƙarami ne sosai, L na ce a turo min amma da na sa kamar an ɗaure ni da igiya, dole na ba ƙanina na sake odar XL, mai sayarwar ko uffan bai ce ba da na yi masa ƙorafi.

Akwai masu cewa da ya fi in da ta Dimension Data na saya, wato sunan da ƙungiyar ta koma a 2016, shekarar da Mark Cavendish ya ci musu zango huɗu a Tour de France har ya sa rigar ɗorawa ta mai jan ragamar tseren. Ni dai ba ta burge ni ba. Daga lokacin ne kuɗi ya shigo, sunaye suka yi ta canzawa, NTT, Qhubeka Assos, NextHash, Turawa na ƙaruwa 'yan Afirka na raguwa, har a shekarar ƙarshe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Abin da na riƙe daga 2021 shi ne Nic Dlamini, ɗan tserensu daga Afirka ta Kudu, da ya faɗi a Tour de France a hanyar Tignes cikin ruwa da sanyi, ya san lokaci ya ƙure an cire shi, amma ya ƙi hawa mota sai da ya taka har layin ƙarshe shi kaɗai.

In za ka saya ka ƙara saiz ɗaya, ka wanke da hannu, kada ka shanya a rana don farin yana saurin komawa ruwan madara. Tauraro uku da rabi na ba ta, rabin na dattijon mai layi ne.