Kafin ka sayi tsohon babur don ka tashe shi

Duk wanda ya taɓa yaye buhu daga kan babur ɗin da ya shekara ashirin a jingine ya san yadda zuciya take yi. Ƙura ta rufe shi, tayoyi sun kwanta, amma kai har ka fara jin ƙararsa a kunnenka. A daidai nan ake yin sayen da-na-sani, domin ido fenti yake bi, alhali aikin yana cikin inji.

In wannan ne karonka na farko, ni Honda Super Cub zan nuna maka, ko wani ƙaramin mai silinda ɗaya irinsa. Tun 1958 ake ƙera shi, kuma a 2017 adadinsa ya haura miliyan 100, don haka kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Kabireta ɗaya ce, fulogi ɗaya. Kana iya kwance injin a kan tabarma, ka jera kusoshi a faranti, ka mayar da su ba tare da kanka ya ɗaure ba.

Honda CB750 da ya fito a 1969 ya fi shi kwarjini nesa ba kusa ba, sai dai silinda huɗu ne da kabireta huɗu. Tsohon fetur idan ya daɗe yakan daskare ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kabireta da mai yake bi. Wankin da za ka yi sau ɗaya a Cub, a nan sau huɗu ne, sannan sai an daidaita su huɗun su riƙa shaƙar iska bai ɗaya, in ba haka ba injin ya dinga tari.

Masu haɗa fetur da baƙin mai, irin Yamaha RD350 na 1973, suna da sauƙin kwancewa tunda ba su da bawul a kan silinda. Amma zama yana cutar da su. Robobin da ke toshe gefen kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, sukan bushe, iska ta riƙa satar hanya, mai ya yi ƙaranci, fistin ya yi zafi ya kama. Ka sa kuɗin canza robobin nan a lissafi tun kafin ka taya.

Na Ingila kuwa, kamar Triumph Bonneville da aka fara a 1959, kyau kam ba a magana, amma tsofaffin cikinsu kusoshinsu ba sa bin awon milimita, sai ka nemi sifana nasu daban, ga yoyon mai da ke neman haƙuri. BMW R75/5 na Jamus ba ya amfani da sarƙa, sandar ƙarfe ke juya tayar baya, yana da juriya, kayansa ne da tsada.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka biya sai ka taka kik. In ya sauka da nauyi yana turjiya, injin na da rai. In ya ƙi motsi sam, fistin ya manne da silinda, kuma ba wanda zai gaya maka girman ɓarnar sai an buɗe. Na fi son mummunan babur mai juyawa a kan mai ƙyalli da ya kafe. Buɗe tanki ka haska tocila: tsatsa sama-sama tana wankuwa, amma in ka ga ɓawo yana tashi a ƙasan tankin, huda na nan tafe. Duba ko an taɓa yi wa firam walda, ka gwada lambar jikinsa da ta takardu. Babur ɗin da aka kawo maka a kwali-kwali, an ce komai ya cika, ka bar wa gwanaye.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. Lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya su ne mako da shekarar ƙira. In uku ka gani, an yi ta kafin 2000. Sabbin tayoyi, batir, birki da tiyon mai, duk ka ɗora kuɗinsu a kan abin da mai shi ya yanka maka, sannan ka ga ko har yanzu cinikin ya yi.