Famfon iskar taya mai aiki da batir: wata huɗu ina jan karaban da shi tsakanin Jos da Abuja

Wani lilo da karaban ta yi min bayan Akwanga shi ya sa na sayi famfon nan. Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse, kuma in aiki ya kai mu daji nakan ja karaban, wato ƙaramin ɗakin kwana mai taya, a bayan Hilux ɗina. Ranar na sauko daga Hawan Kibo, na tsaya a Forest yara su ci abinci, sai wani mai faci ya ɗora gejinsa a tayar baya ya girgiza kai.

"Alhaji, iskar nan ta yi yawa. Da wannan ranar, kafin Keffi ta fashe."

Na ce rage. Ya sassauke tayoyin mota zuwa 30, na karaban zuwa 45, a ma'aunin iskar taya da ake kira psi. Ba mu yi nisa da Akwanga ba wata tanka ta wuce mu a guje, karaban ta fara kaɗa gindin mota dama da hagu, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna. Allah ne ya kiyaye. Washegari da asuba na ari geji na auna tayoyin baya, na tarar da 26.

Ba mugunta ya yi ba, haka akasarin masu faci suka koya. Taya in ta yi gudu iskar cikinta na zafi, geji ya ƙaru da 4 zuwa 6 a ma'aunin psi, kuma masu ƙera ta sun san da wannan. Wanda ya rage iska a lokacin, taya na hucewa zai ga ta kwanta. Tayar da iska ta gaza kuwa ita ce gefenta ke lanƙwashewa a kowane juyi har ta ɗau zafi ta fashe. Shi ya sa ake awo kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta kamar awa uku. To wane mai faci ne zai zo ƙofar gidanka a Rikkos ƙarfe biyar na asuba cikin hunturu? Amfanin famfon ke nan a wurina, sauran duk ƙari ne.

A Dilimi na saye shi. Ɗan akwati ne mai allon lamba, ka danna adadin da kake so, ya cika ya tsaya da kansa. Na gwada gejinsa da wani na hannu mai kyau, bambancin bai wuce 1 ba. Yana cikin hura iska lambar kan yi sama kaɗan, sai ya tsaya take faɗin gaskiya.

Adadin da nake sa wa mota ba daga jikin taya nake ɗauka ba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ta mota na jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, tawa ta ce 29 gaba da baya in babu kaya, baya 36 in an yi lodi. Karaban kan ɗora wa ƙugiyar ja kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, kuma tayoyin baya ne ke ɗauka, don haka 36 nake sa musu ko da bodi babu komai. Tayoyin karaban kuwa 65 aka rubuta a kansu, takardar jikinta ma haka ta ce, shi nake cikawa. In kaya suka taru a bayan karaban ƙugiya ta yi sauƙi, ko wace iska ka sa sai ta yi lilo, wannan ba aikin famfo ba ne.

Sanyin Jos ma na da nasa. Duk saukar zafi da digiri 5 zuwa 6 kan ci kusan psi 1, abin da na cika da rana a Abuja sai na ƙara masa da safe a nan.

Inda ya ba ni haushi, tayoyin karaban ne. Daga 29 zuwa 36 ba ya ɗaukar lokaci, amma yana haura 50 sai ya fara nishi, jikinsa ya yi zafin da ba ka iya taɓa bakin tiyo. Dole in bar shi ya huta tsakanin taya da taya. A mako na biyu ya ƙone min fiyus ɗin ramin kunna sigari, sai da mai wayarin ya sa masa 'yan maƙalai ina jona shi kai tsaye a batir, inji na aiki. Waya da tiyo duk gajeru ne, ba sa kai wa tayar karaban sai na kwance ta na juyo da mota. Ga ƙara, maƙwabcina har ya taɓa leƙowa ya zaci janareta na tayar.

Mai ƙaramar mota ko Hilux kaɗai, wannan ya ishe shi. Mai jan abu mai tayar 65 zuwa 80 ya ƙara kuɗi ya nemi mai silinda biyu da doguwar tiyo, ni ma shi zan saya in wannan ya mutu. Har yanzu ina tsayawa a Forest, mai facin nan ya duba min ko ƙusa ta shiga, amma bawul ba ya taɓawa.