Biron insulin da zafin Gombe

Ga wanda ido ya fara rauni ko hannu ke rawa, biron insulin, wato allurar masu ciwon sukari mai siffar biro, ya fi kwalba da sirinji nesa ba kusa ba. Hajiyarmu a Bolari shi take amfani da shi, irin mai aiki yini da kwana, sau ɗaya a rana. Ciki akwai yunit 300. Za ka murɗa gindinsa, kowane yunit ya yi ƙas, har lambar da likita ya rubuta ta bayyana a 'yar tagar. Hajiya da kunne take ƙirgawa, sai jikarta ta leƙa ta ce, "Daidai ne, Kaka." Allurar milimita 4 ce, siririya. Ana fara fesar da yunit 2 a iska don a tabbatar hanya a buɗe take, sannan a soka, a danna, a ƙirga goma kafin a zare.

Mutane kan ce me ya hana a yi shi ƙwaya kowa ya huta. Insulin furotin ne, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tsoka. Shi ya sa tun da aka gano shi a Kanada a 1921 ake fama da allura, biron ma sai a 1985 ya fito.

Inda nake da magana shi ne zafi. Wanda ba a buɗe ba yana son firiji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ya daskare ya tashi aiki. Wanda aka buɗe yawanci kwana 28 yake yi, ƙasa da digiri 30. To a watan Afrilu, ɗakin wa ke ƙasa da 30 a Gombe, ga wuta sai an ga dama? Mu dai mukan sa shi a roba mai murfi, mu ajiye cikin tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi a inuwa. A kemis kuwa, ba na karɓa sai na ga an ciro shi daga firiji mai sanyi da idona.

Tsada ma akwai ta, ga kan allura da ake saye daban, kuma kowace sau ɗaya ya kamata a yi da ita. Duk da haka, ga tsoho mai yi wa kansa allura, zan sake saye.