Sati biyu ina tonon makin NASCAR na farko a shafin Racing-Reference

Musu ne ya kai ni wannan shafi. Ƙanena bakanike ne, kuma ya dage cewa a tseren motoci duk direban da ya fi kowa lashe tsere shi ke ɗaukar kambun shekara. Na ce masa ba lallai ba ne, amma ba ni da hujja a hannu. Daga nan na faɗa Racing-Reference, shafin intanet na kyauta da ya tara sakamakon gasar NASCAR ta Amurka tun daga kakarta ta farko. Sati biyu ke nan ina buɗe shi a waya kusan kowane dare, kuma na ga ya cancanci in faɗi yadda na same shi.

Tsarinsa ba shi da wuya. Ka zaɓi shekara, jerin tsere-tseren shekarar ya fito, ka taɓa ɗaya, sai teburi ya buɗe: sunan direba, lambar motarsa, ƙirarta, mai ita, inda ya tashi, inda ya ƙare, zagayen da ya yi da kuɗin da ya samu. Da Turanci yake, amma yawancinsa sunaye ne da lambobi, don haka duk mai iya karanta teburin gasar ƙwallo ba zai ɓata ba.

Na fara da 1949, shekarar da Bill France, wanda ya kafa NASCAR, ya buɗe rukunin motocin da ba a taɓa su ba, irin waɗanda ake saya a hau titi. Tsere takwas ne kacal a kakar. Na farko an yi shi a Charlotte ranar 19 ga Yuni, a filin turɓaya, zagaye 200. Sunan Jim Roper ne a saman teburi da dala 2,000, alhali Glenn Dunnaway ne ya riga kowa tsallake layi. An soke nasarar Dunnaway bayan an duba motarsa aka tarar an yi wa sifirin ɗinta na baya gyara. Da na nuna wa ƙanena wannan sai ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ce, "Yaya, ashe tun ranar farko masu duba mota ke da magana ta ƙarshe." Red Byron ne zakaran shekarar da maki 842.5, Lee Petty na bi masa da 725. Byron ya ji mummunan rauni a ƙafar hagu a yaƙin duniya na biyu, har sai da aka yi masa dabara a kulocin motarsa kafin ya iya tuƙi.

Wannan rabin makin da ke manne a 842.5 shi ya fara ɗaure mini kai. Bayan na jera tsere-tsere ina kwatanta su na gane inda aka dosa: a wancan lokaci nauyin maki yana bin nauyin kuɗin da aka zuba a tseren. Nasara a ƙaramin filin ƙauye ba ɗaya take da nasara a babban fili ba, ko da direban ya sha ƙura iri ɗaya.

Kakar 1950 ce ta raba gardamarmu, kuma a kanta na fi daɗewa. Tsere 19 aka yi. Curtis Turner ya lashe huɗu, amma na biyar ya ƙare. Bill Rexford, matashi ɗan shekara 23, ya lashe ɗaya tal a Canfield ta jihar Ohio, shi ya ɗauki kambu da maki 1,959, Fireball Roberts na biye da 1,848.5. Johnny Mantz kuwa sau uku kawai ya fito a duk shekarar, ya ƙare a na shida, saboda ya ci tseren mil 500 na farko a Darlington, inda motoci 75 suka tashi kuma kuɗin ya fi na ko'ina. A ganina wannan tsari bai yi wa ƙananan direbobi adalci ba, waɗanda ke bin filaye mako bayan mako suna gyara mota da hannunsu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Lee Petty. Teburi ya nuna shi na uku da 1,590. Lambar ita kaɗai ba za ta gaya maka cewa a tsakiyar kakar an share masa maki 809 ba, don ya shiga tseren da ba na NASCAR ba. Na ɗauki biro na haɗa a bayan ambulan: 2,399. Da ba a share ba, da ya zarce Rexford nesa ba kusa ba. Byron ma an yi masa irin wannan hukunci a shekarar. France yana gina ƙungiya ne, yana so direbobi su tsaya a gidansa, kuma maki shi ne bulalarsa. Wanda zai yi amfani da shafin ya riƙe wannan: teburi yana ba ka abin da aka rubuta a hukumance, dalilin kuwa sai ka bi tarihin kakar.

A tsere-tseren farko za ka ci karo da gurabun da babu komai, musamman a ƙasan teburi. Wannan gadon zamanin ne, lokacin da ake ƙirga zagaye da hannu a kan kati, cikin ƙura da ƙarar injina. Na fi son a bar gurbi fayau da a cike shi da ƙiyasi.

An sauya tsarin ba da maki sau da dama daga 1968, har zuwa 1975 da aka karɓi lissafin Bob Latford, wanda ya daidaita kowane tsere: maki 175 ga wanda ya ci, da ƙarin 5 ga duk wanda ya jagoranci zagaye. Daga nan teburan suka zama masu sauƙin bi, ko da yake na tsofaffin sun fi jan hankalina.

Daren jiya na nemi tseren Jacksonville na 1 ga Disamba 1963. Sai a ƙarƙashin kakar 1964 na same shi, domin kakar ta fara tun kafin shekara ta ƙare. A ranar Buck Baker aka ɗaga wa tutar nasara, shi ya karɓi kofi. Sai bayan jama'a sun watse aka sake duba katunan ƙirga, aka tabbatar Wendell Scott, Baƙar fata daga Danville ta jihar Virginia, ya ba shi ratar zagaye biyu. Scott ya rasu a 1990 bai riƙe kofin ba, sai a 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalansa wani kofi a madadinsa. A shafin, sunansa ne a layin farko, da lamba 34 a gefensa. Na ɗauki hoton wurin na tura wa ƙanena.